Me ake buƙata kafin mutum ya fara jan tasi a Abuja?

Ɗan Kubwa:
Assalamu alaikum. Shekarata 29, kuma na yi shekara shida ina tuƙa wani maigida wanda ya yi ritaya ya koma garinsu. Yanzu kawuna ya ba ni ƙaramar mota domin in riƙa jigila tsakanin Kubwa da Berger ina kawo masa balas duk mako. Lasisina na rukunin B ne, kuma bai ƙare ba. Shin ya wadatar, ko sai na canza? Sannan wane bincike ake yi wa mutum kafin a amince da shi? Wani ya ce in ba shi kuɗi ya kawo mini komai har gida, amma zuciyata ba ta kwanta ba.

Tsohon Direban Jabi:
Wa alaikumus salam, ɗana. Rukunin B na motar gida ne, bai haɗa da tasi ba, saboda haka sai ka nemi lasisin haya. Shekarunka sun kai, domin hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, tana so mai neman irin wannan lasisi ya cika shekara 26, kuma za a nemi shaidar lafiyarka daga asibitin gwamnati, musamman gwajin ido. Ka tafi da lambarka ta shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, ka tabbata sunan da ke kanta da ranar haihuwa sun yi daidai da na tsohon lasisinka, don harafi ɗaya yana iya tsayar da aikin. Bayan gwajin jami'an VIO masu duba motoci da gwada direbobi, waɗanda babban ofishinsu yake Mabushi, za a ɗauki hotonka da zanen yatsunka, a ba ka takardar wucin gadi ta kwana 60 kafin katin ya fito, na shekara uku ko biyar gwargwadon abin da ka biya.

Shi kuwa wanda ya ce zai kawo maka har gida, ka rabu da shi. Ni ma na taɓa miƙa wa irinsa kuɗi. Katin da ya kawo yana ƙyalli, har da hotona, na yi wata takwas ina yawo da shi hankali kwance. Ran nan a hanyar Nyanya jami'i ya buga lambar a wayarsa, ya juyo da ita ya nuna mini babu sunana a rumbun hukuma, fasinjoji huɗu suna kallona, ɗaya har ta fara tattara kayanta. Duk sabon lasisin da ba ka je da ƙafarka aka ɗauki zanen yatsunka ba, kada ka yarda da shi.

Motar ma tana da nata: fentin kore da fari na tasin Abuja, inshora ta motar haya, takardar lafiyar mota da izinin ɗaukar fasinja.

Maman Khalifa:
Ni fasinja ce, kullum ina shiga mota daga Area 1 bayan magariba, kuma ɓangaren binciken ne ya fi damuna. Baba ya yi bayanin lasisi, amma lasisi yana nuna mutum ya iya tuƙi ne kawai, ba ya faɗin halinsa. Tun da ’yan wan-cans, masu yi wa fasinjoji fashi a cikin mota, suka addabi garin nan, ban ƙara shiga motar da ba fenti ba, ko da ruwa ake tsugawa. Ƙanena, ka nemi takardar shaidar ɗa'a ta ’yan sanda. Ana cike buƙatar a POSSAP, shafin intanet na ’yan sanda, sannan a ɗauki zanen yatsunka a duba ko an taɓa yanke maka hukunci. Ko ba wanda ya tilasta maka, ka ajiye ta a mota, domin mu da muke zama a kujerar baya da jaka a ƙirji mun san darajarta.

Abu Hafsat:
Na yarda da Hajiya, sai dai takardar ’yan sanda tana nuna abin da ya kai ga hukuma ne kaɗai. A ganina binciken da ya fi tasiri shi ne na tasha. Idan ka je yin rajista da ƙungiyar masu sufuri ta NURTW ko RTEAN, yawanci za a ce ka kawo wanda zai tsaya maka, mutumin da aka san gidansa da sana'arsa, wanda za a nema idan fasinja ya manta waya ko aka kawo ƙara. Idan kuma kamfanonin tasi na manhajar waya, Bolt ko Uber, kake tunani, su ma sai sun ga lasisi da takardun mota kafin su buɗe maka manhaja. Tun da motar ta kawunka ce, ku rubuta yarjejeniyar balas a gaban shaidu, ku fayyace wanda zai ɗauki nauyin gyara da sabunta takardu.

Ɗan Kubwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kira mutumin na ce masa na fasa, kuma ranar Litinin zan fara da asibiti in sha Allahu. Baba, wanda zai tsaya mini dole ne ya kasance direba a tashar, ko limamin unguwarmu zai iya?