Wane suna za mu ba ADHD da Hausa?

1/ Ƴan uwa masu Hausa, na Damagaram da na ko'ina, ina neman taimakonku a kan suna ɗaya. Akwai lalurar da masu Ingilishi ke kira ADHD, likitocinmu na Nijar kuma su rubuta TDAH. Da ita na tashi, amma sai da na girma wani likita a Yamai ya gane ta. Har yau ban samu yadda zan faɗe ta da harshen da na sha a nono ba. A 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar, to bai kamata abin da ke cikin gidajenmu ya zama sai da haruffa huɗu na Faransanci ake ambatonsa ba.

2/ Ga wanda bai san ta ba: lalura ce da ta shafi yadda ƙwaƙwalwa ke girma da aiki, musamman ɓangaren gaba, mai tsara abin da za a yi da kuma tsayar da mutum kafin ya yi. Sinadaran dopamin da noradirenalin, masu isar da saƙo a cikin ƙwaƙwalwa, na da hannu a ciki. Fuska biyu gare ta. Ɗaya ita ce kasa riƙe hankali a kan abu: mantuwa, yasar da kaya, fara aiki a bar shi a rabi. Ɗayar kuma kasa zama wuri ɗaya da aikata abu kafin a yi tunani. Wani ɗaya gare shi, wani duka biyun.

Likita ba ya yanke hukunci don yaro ya fasa tulu. Sai ya ga alamomi shida cikin tara na fuska ɗaya, ko biyar ga wanda ya kai shekara 17, sun ɗauki aƙalla wata shida, wasu sun fara kafin shekara 12, ana ganinsu a wuri fiye da ɗaya, kamar gida da lakwal (makaranta), kuma suna cutar da rayuwar mai su. Kusan yara 5 cikin 100 ne ke da ita a duniya, manya kuma 2 zuwa 3. Wato a aji mai yara 60 za a iya samun uku. Binciken da aka yi a kan tagwaye ya nuna gado ne ya fi rinjaye, sama da kashi 70 cikin 100.

3/ Su ma Turawa sun daɗe suna neman sunan. A 1798 likita Alexander Crichton ya rubuta a kan masu kasa tsayar da hankali. A 1902 George Still, likitan yara a Landan, ya kira abin naƙasa wajen kame kai ta fuskar ɗabi'a. Daga baya aka ce ƴar illa ce a ƙwaƙwalwa, alhali a yawancin yaran ba a ga wani rauni ba. Sai 1980 aka zo ga ADD, wato lalurar ƙarancin mai da hankali, a 1987 aka mai da shi ADHD, aka ƙara H na yawan motsi. Abin da ya sa na kawo wannan: suna na da tasiri a kan yadda ake bi da mai shi. Idan sunan ya ce ɗabi'a ce, bulala za a ɗauko.

4/ Kalmomin da muke da su kuwa, duk an kira ni da su, don haka na san nauyin kowacce.

Ƙiriniya ta yara ce. Ana faɗinta da ɗan murmushi, da tsammanin za ta wuce in an girma. Tawa ba ta wuce ba, ciki ta koma. Yau ina iya zama a fada har a sauke shayi na uku, amma ƙafata ba ta daina motsi, kuma kaina ya je wuri goma ya dawo. Rawar kai tana da ƙanshin son a gani. Kunnen ƙashi na nufin ka ji ka ƙi, ni kuwa sau da yawa maganar ce ba ta zauna ba tun farko. Shiririta ta fi kusa, har na so in tsaya a kanta, amma ba uban da zai kai ɗansa asibiti don an ce yana da shiririta, faɗa kawai zai ƙara masa.

Kuma dukansu sun manta da yarinyar da ke zaune shiru a ƙarshen aji, idonta a kan allo, zuciyarta a wani gari. Ita ba ta damun mushe, wato malamin aji, don haka ba wanda ya lura. Sakarai ake ce mata, a wuce.

5/ Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne tambayar "me ya sa?". Inna ta taɓa ba ni takardar magani da kuɗi in karɓo mata. Na fita da niyya ɗaya tak. A hanya, wajen kasuwar Dole, wani ya miƙo mini sallularsa ta ƙi kamawa, na tsuguna ina dubawa. Da na ɗaga kai an kira magariba. Na koma gida takardar na aljihu, kuɗin ma na nan. Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, ni ce ban isa ba?" Na buɗe baki ban samu abin faɗa ba. In na ce na manta, ai wanda ya damu da uwarsa ba ya manta maganinta. In na ce ban san lokaci ya tafi ba, wa zai yarda? Gaskiyar kenan kuwa, amma a kunne ta yi kama da ƙarya.

Russell Barkley, masanin wannan fanni a Amurka, ya daɗe yana bayyana cewa masu ita sun san abin da ya kamata, aikata shi a lokacinsa ne ke gagararsu. Na san muhimmancin maganin Inna sarai. Sanin ne bai zo mini ba a lokacin da nake tsugune.

6/ Da na dawo daga Yamai na zauna in yi mata bayani, sai na fassara sunan kai tsaye, na ce lalurar ƙarancin hankali ce. Nan take fuskarta ta sauya, ta fara salati. Taɓin hankali ta ji. Shi ya sa nake roƙo, duk sunan da za mu zaɓa, kada "hankali" ya zo kusa da "rashi" ko "ƙaranci". A Hausa marar hankali zagi ne, mai taɓin hankali kuma wani ciwon ne daban. Suna irin wannan na iya hana yarinya aure, ya hana saurayi aiki.

Ban da haka ma, "ƙaranci" bai faɗi gaskiya ba. Mutumin da ya yini a kan gyaran waya bai ɗaga kai ba, ba za a ce ba ya iya mai da hankali ba. Abin da ba ya hannunsa shi ne zaɓen inda zai kai shi da lokacin da zai ɗauke shi.

7/ Ga shawarata: lalurar suɓutar natsuwa.

Natsuwa, domin ita kaɗai na samu ta rufe fuskokin biyu. Muna cewa "natsu ka ji" ga wanda tunaninsa ya tafi, muna cewa "natsu ka zauna" ga wanda ya kasa tsayawa. Suɓuta kuma, domin duk Bahaushe ya san suɓutar baki, ya san babu ganganci a ciki. Idan igiyar guga ta suɓuce wa mai ɗibar ruwa, ba a cewa jefa ta ya yi, an san yana riƙe da ita ta kuɓuce. Lalura a gaba, don a san abu ne na asibiti. Mai ita kuma a ce masa mai suɓutar natsuwa.

8/ Na ga amsoshinku, na gode ƙwarai. Wani malam daga Magarya ya ce me zai hana a ce rashin natsuwa kawai, tunda kowa ya san ta. Malam, Allah ya ƙara sani, sanin da aka yi mata ne ya hana ni. "Ba ka da natsuwa" faɗa ne da aka riga aka saba yi, in muka ɗauke ta, mai lalura zai riƙa jin sunan ciwonsa a bakin duk wanda ya fusata da shi.

Wata yaya mai koyarwa a Mirya ta kawo rarrabuwar tunani. Yaya, ta dace da yarinyar ƙarshen aji sosai, amma ta bar yaron da ke hawa tebur. Ina ganin a riƙe ta a matsayin sunan nau'i na farko: suɓutar natsuwa mai rarraba tunani. Na biyu a ce mai hana zama, na uku mai haɗa duka.

9/ Akwai kuma dattijon da ya ce yana tsoron kada suna ya zama mafakar malalata, kowane yaro ya ƙi karatu ya ce suɓuta ce. Baba, tsoronka na da tushe, ba zan raina shi ba. Abin da zan ce, sunan ba ya yafe mini komai. Maganin Inna dai ni ne ban kawo ba, kuma haƙƙin na kaina. Amfanin sanin lalurar shi ne ya nuna mini inda zan gyara. Yanzu duk aiken da aka yi mini sai na sa ƙararrawa a waya tun ina tsaye gaban mai aiken, makullai wuri ɗaya suke kwana, babban aiki kuma in gutsura shi ƙanana. Shekarun da aka yi ana ce mini "ka natsu" ba su koya mini ko ɗaya cikin waɗannan ba. Kuma likita ne kaɗai ke da ikon cewa wane na da ita, domin rashin barci, damuwa, yunwa da raunin ji ko gani duk suna iya yin kama da ita.

10/ Ga masu tambayar magani: akwai shi, wanda aka fi sani shi ne metilfenidat, mai sunan kasuwa Ritalin, kuma sai da takardar likita da sa idonsa. Don Allah kada wani ya karanta wannan ya nufi masu tallar ƙwayoyi a bakin titi.

11/ Abu ɗaya ya rage mini. Wasu sun ce "suɓucewar natsuwa" ta fi "suɓutar natsuwa" daɗin faɗa. Ni na fi son ta biyun, don ta fi gajarta kuma tana tuna wa mai ji suɓutar baki. Mutanen Maraɗi, Tawa, Kano da Katsina, ku faɗa da ƙarfi ku ji wacce ta fi zama a bakinku. Ma'aikatan asibiti da malaman lakwal kuma, ku gwada ta a kan iyaye ba tare da ƙarin bayani ba, ku rubuto mini abin da suka fahimta da farko.