Ritaya a ƙasar waje: gida za a fara saya ko takardar zama za a nema?

Baban Khalil: Assalamu alaikum 'yan zaure. Na kusa ajiye aiki, ni da uwargida muna son komawa Turkiyya da zama. Wani dillali ya ce in sayi gida a Istanbul kawai, takardar zama za ta biyo baya. Wanda ya san kan abin ya taimaka mana da shawara.

Hajiya Umma: Wa alaikumus salam Alhaji. Don Allah kada ka tura ko sisi tukuna. Tun Oktoban 2023, gidan da kuɗinsa bai kai dala 200,000 ba ba ya sa a ba mutum izinin zama a can. Sannan akwai unguwannin da aka rufe wa baƙi rajista saboda sun yi yawa a cikinsu. Sai ka biya kuɗinka, makulli na hannunka, amma a ƙi ba ka takarda da wannan adireshin. Dillali kuwa la'adarsa ta riga ta shiga aljihu.

Malam Bello: Gaskiya Hajiya ta faɗa. Kuma dokokin nan ba sa zama wuri ɗaya. Fotugal ta daina ba da izinin zama ta hanyar sayen gida a 2023, Sifaniya ta rufe nata a Afrilun 2025. Ɗan fansho a Fotugal bizar D7 yake nema, su kuma abin da ke shigo maka duk wata suke dubawa, ba gini ba.

Maman Hanif: A Tailan ma in ka kai shekara 50 kana neman bizar ritaya, sai ka ajiye baht 800,000, wato kuɗin ƙasar, a bankinsu, ko ka nuna kana samun baht 65,000 a wata. Duk kwana 90 sai ka sanar da hukumar shige da fice inda kake, kuma baƙo ba ya mallakar fili.

Baban Khalil: To ta ina zan fara ke nan?

Hajiya Umma: Ka kama haya shekara guda, ku ga sanyin hunturu, ku ga asibiti. Maganar asibitin nan ita ta fi damuna wallahi, Alhaji. Inshorar lafiya tsada take ƙarawa da shekaru, kuma sau da yawa ba ta ɗaukar ciwon da ka zo da shi, irin su suga da hawan jini. Ka nemi farashinta a rubuce, naka da na uwargida, tun kafin ka sayi tikiti.

Malam Bello: In lokacin sayen ya zo, ɗauki lauyanka da kanka, ba wanda dillali ya kawo ba. Ya je ofishin tapu, wato inda ake rajistar filaye da gidaje, ya duba ko akwai bashi a kan gidan, ko sunan mai sayarwa ne a takardar. Kuɗi kuma ta banki, kada ka miƙa a hannu.

Maman Hanif: A lissafa da canji ma, Baba. In kuɗin da ake biyan ka fansho da shi ya faɗi, ranar sabunta takarda sai a ce abin da kake samu bai kai ƙa'ida ba.

Baban Khalil: Allah ya saka da alheri. Zan fara da ofishin jakadancin Turkiyya, dillalin ya jira.