Shawarwarin manoma da masunta kan magudanan fadama

A zaman da manoman fadama da masunta suka yi a Sakkwato kan magudanan ruwa na bakin Rima, batun yasa ne ya fi cin lokaci. An yarda a riƙa yashewa, amma kada a kankare magudana tas lokaci guda. A gyara gefe ɗaya bana, ɗayan sai baɗi, don kwaɗi da 'ya'yan tarwaɗa su sami mafaka. Lokacinta bayan kaka ne, domin da damina kifi ke zuba ƙwai. Masunta suka ƙara da cewa gaiwa na binne kanta cikin laka duk rani, ke nan mai haƙa ya bar wasu gurabe. A ganina wannan ce shawara mafi nauyi, kuma ita aka fi sakaci da ita.

Kachala kuwa, wato doguwar ciyawar nan da ke toshe hanyoyin ruwa, a datse ta ƙasan ruwa don ta ruɓe. Ƙonawa ba ta kashe saiwarta.

Kan sauro aka yi saɓani. Wasu sun ce a tsotse duk ruwan da ya kwanta, wasu suka ce kududdufi mai kifi ba shi ne matsala ba, tunda kifi na cin tsutsar sauro, lambatun da leda ta toshe shi ne matsalar. Na biyun sun fi hujja.

Ba wanda ya yi musu kan maganin feshi: kada a wanke injin feshi a magudana, balle a zuba guba don kamun kifi, domin balbela da zalɓe ma a nan suke kiwo.