Sandar fatsa ta bakin teku: wace iri ce za ta iya da gaɓar Lome?

Mamman Sani, Mokoyo:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Tun da aka rufe iyakar Nijar da Benin a 2023 kayan maigidana suka daina biyowa ta Kwatano, suka koma tashar jiragen ruwa ta Lome, kuma ni aka ɗora wa jiransu a can har su fito, jiran da wani lokaci yakan kai makonni. Da la'asar ina ganin mutane suna kafa dogayen sandunan fatsa a cikin yashi suna jefa ƙugiya bayan igiyar ruwa, kuma abin ya shiga raina, domin ni ma na tashi ina fatsa a Gulbin Maraɗi duk damina, sai dai da gora da zare kawai. Na ware jaka 60 na kuɗin sefa don wannan sha'ani, kuma ina neman shawarar waɗanda suka san harkar a kan irin sandar da ya kamata in saya kafin in koma.

Alhaji Lawali, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam, ɗana. Na zauna a unguwar Agoe Zongo ta Lome shekaru masu dama, kuma abin da zan fara gaya maka shi ne kada tsawon sanda ko ƙyallinta su ɗauke maka hankali, ka fara da nauyin dalmar nutsar da ƙugiya da ruwan wurin yake bukata, sannan ka nemi sandar da za ta iya jefa ta. Gaɓar Lome tana da gangara, igiyar ruwa tana faɗowa da ƙarfi kusa da ƙafar mutum, kuma akwai jan ruwa da yake bin gaɓa daga yamma zuwa gabas, shi ne yake kwasar yashi yana tara shi a yammacin katangar tashar jiragen ruwa, yana zaizaye gabashinta. Ruwan da yake tafiya da yashi haka ba zai bar dalma mai giram 50 ta zauna a ƙasa ba. Kafin ka kafa sandar ya riga ya turo ta gefe ya dawo maka da ita. Abin da ke zama shi ne giram 120 zuwa 150, a ranar da teku ya yi fushi kuma har 175.

Kowace sanda ta kirki akwai rubutu a jikinta, sama da wurin riƙewa, wanda yake nuna tsawonta da nauyin da aka ƙera ta ta jefa. Ka nemi wadda aka rubuta 100 zuwa 200 g a jikinta, domin dalmarka ta giram 150 tare da koto za ta faɗo a tsakiyar wannan iyaka, kuma a nan ne sanda take lanƙwasa yadda ya dace ta harba da kanta. Wadda aka rubuta 40 zuwa 80, ko da ta kai mita 4, ranar da ka ɗora mata dalmar teku ka yi jifa da ƙarfi za ka ji ƙarar karyewarta. Game da tsawo kuwa, mita 4.20 ya ishe ka. Amfanin tsawon ba nisan jifa kaɗai ba ne, babban aikinsa shi ne ya ɗaga zare sama da igiyar da take karyewa a gabanka, don kada kowace igiya ta daki zaren ta tumɓuke dalmar daga yashi.

Injiniya Harisu, Ali Ɗan Sofo:
Alhaji ya gama magana a kan nauyi, ba ni da abin ƙarawa. Inda nake so in sa baki shi ne abin da aka ƙera sandar da shi. Akwai ta fiba, akwai ta karbon, akwai kuma wadda aka gauraya su biyun. Ta karbon ta fi sauƙi a hannu, ta fi tsauri, tana miƙewa da sauri bayan jifa, saboda haka dalma ta fi yin nisa, kuma cizon kifi ya fi bayyana a bakinta. A mita 4.20 bambancin nauyin ba abin rainawa ba ne ga wanda zai yi jifa tun daga la'asar har magariba. Ni shawarata, Mamman Sani, idan kuɗinka sun kai, ka ɗauki ta karbon.

Alhaji Lawali, Sabon Gari:
Injiniya, duk abin da ka faɗa gaskiya ne, amma ka tuna da wanda yake tambayar da kuma hanyar da sandar za ta bi. Karbon ba ya jure duka. Idan yaron mota ya jefa ta saman kaya, ko ta bugi ƙarfen ƙofa, sai ta yi tsagar da ido ba ya gani, ta yi shiru har ranar da aka ɗora mata nauyi, sannan ta ɓalle daidai wurin. Fiba tana da nauyi, tana da laushi, amma tana yafe wa mai koyo kuskurensa, kuma sandar da za ta riƙa bin manyan motoci ta Burkina Faso tsakanin Lome da Maraɗi tana bukatar wannan haƙurin. Ta karbon mai arha kuwa, wadda jaka 60 za ta iya saye tare da sauran kaya, ba ita ce karbon ɗin da kake yabo ba. Gaurayayyar ce ta dace da shi.

Injiniya Harisu, Ali Ɗan Sofo:
Na yarda da batun hanya, Alhaji, gaurayayyar ta fi masa. Sai dai in ja kunnensa a kan abu ɗaya: karbon yana ɗaukar wutar lantarki, ko da gauraya shi aka yi, kuma sanda mai mita 4 a tsaye a fili ita ce abu mafi tsawo a gaɓa. Da zarar hadari ya haɗo, musamman daga Afrilu zuwa Yuli da ake ruwa sosai a can, ya kwantar da ita ƙasa ya bar wurin, kuma kada ya ɗauke ta a harhaɗe ya bi ƙarƙashin wayoyin wuta.

Mamman Sani, Mokoyo:
Na gode, Baba Alhaji, na gode Injiniya. A wani kanti na ga wadda take shigewa cikin juna kamar eriyar rediyo, ta yi mini kyau saboda sauƙin ɗauka, kuma mai kantin ya ce babu bambanci tsakaninta da mai gaɓa uku. Shin haka ne?

Malam Issufu, Zariya:
Ƙanena, mai kanti kayansa yake son sayarwa. Akwai bambanci, kuma yashi ne yake bayyana shi. Mai shigewa cikin juna tana da mahaɗai da yawa, kowace mahaɗa kuma ƙofa ce ga yashi da gishiri. Idan ƙwayar yashi ta shiga tsakanin gaɓa biyu, ko dai ta kankare jikin sandar duk lokacin da ka buɗe ta, ko kuma ta cije ta ƙi rufuwa, ka tsaya da magariba kana kokawa da ita. Ban da haka zobbanta, waɗanda zare yake bi ta cikinsu, ba su da yawa kuma sai ka daidaita su da ido kowane lokaci, lanƙwasarta ma ba ta tafiya santsi daga gindi zuwa baki. Mai gaɓa uku ta mita 4.20, kowace gaɓa ba ta wuce mita ɗaya da rabi ba, tana shiga bututun roba na masu aikin famfo, ka toshe bakinsa biyu da tsumma, ka miƙa wa direba hankalinka kwance.

Idan ka je saye, kada ka ji kunyar mai kanti, ka sa ya harhaɗa ta a gabanka. Ka riƙe gindin ka kaɗa ta a hankali ka saurara, in ka ji ƙwas-ƙwas a mahaɗa to ta yi sako-sako, ka ajiye ta. Sannan ka duba zobban ɗaya bayan ɗaya, domin a cikin kowane zobe akwai wani ƙaramin zagaye na tangaran wanda zare yake gogawa a kai, kuma tsagarsa ba ta cika ganuwa ba. Ka tafi da ɗan guntun auduga ka zura shi cikin zoben ka juya: idan zaren auduga ya maƙale, akwai tsaga, kuma wannan tsagar ce za ta yanke maka zare ranar da babban kifi ya kama. Ka fi mai da hankali ga zoben baki, shi ne ya fi shan wahala. Zobban kamfanin Fuji na Japan su ne aka fi yarda da su, amma ka sani ana buga sunayen Shimano da Daiwa da Penn a jikin kayan jabu, don haka aikin hannu za ka duba, ɗaurin zobba da santsin fenti da yadda mazaunin muline, wato na'urar naɗe zare, yake kamawa, ba sunan da aka manna ba.

Baba Ɗan Tani, Madarunfa:
Sannunku da ƙoƙari, ƴaƴana. Mu a tafkin Madarunfa da kalli da birgi da mamari muka saba, tarwaɗa da karfasa muke kamawa, amma jikana yana damuna da maganar irin wannan sanda. Idan Mamman Sani ya sayo, za ta yi aiki a nan wurinmu, ko kuwa sai teku?

Malam Issufu, Zariya:
Ranka ya daɗe, za ta jefa, amma ba wurinta ba ne. Tafki ba shi da igiyar da za a ɗaga zare a kanta, ƙasansa kuma laka ce, dalma mai giram 150 nutsewa za ta yi a ciki ta ja koton tare da ita, sannan karfasa ba ta da ƙarfin da zai motsa bakin sanda mai wannan tsauri har a gane ta ci. Jikanku ya nemi mai mita 2.70 ko 3, wadda take jefa giram 20 zuwa 60, ta fi arha nesa ba kusa ba, kuma za ta iya da tarwaɗa.

Alhaji Lawali, Sabon Gari:
Mu dawo kan jakar 60 ɗin nan, domin ina tsoron kada ɗana ya zuba su duka a kan sanda ya dawo da muline na wasan yara. Gishiri ya fi cin muline a kan sanda, saboda a cikinsa ƙarafa masu juyawa suke. Ka raba kuɗin kusan biyu, ka bar ɗan saura na zare da dalma da ƙugiyoyi. Muline ya zama babba, mai lamba 8000 ko kusa da haka, wanda zai ɗauki mita 250 zuwa 300 na nailan mai kaurin milimita 0.35 ko 0.40, tun da lambobin kamfanoni ba su cika daidaituwa ba, abin da aka rubuta a jikin kwarkwaron zaren shi ne abin dubawa. Kada ka fara da saƙaƙƙen zare. Yana da tsada, yana yanka yatsa lokacin jifa, kuma idan iska ta cukurkuɗa shi ba ya warwaruwa.

Abin da masu koyo suka fi mantawa shi ne zaren gaba. Nailan mai 0.35 ba zai jure fizgar dalma mai giram 150 a lokacin jifa ba, zai tsinke, dalmar kuma ta tafi inda ta ga dama a gaɓar da take cike da yara da masu talla. Saboda haka ana ƙulla wani zare mai kauri, 0.60 zuwa 0.70, a gaban na asali, tsawonsa ya ninka sandar sau biyu har ya yi zagaye biyar ko shida a kan muline. Wannan ba ado ba ne, haƙƙin mutanen da ke gefenka ne. Dalma kuwa ka nemi mai kusurwa huɗu mai tsini, ko mai ƙafafun waya da suke kama yashi su saki idan ka ja. Mai siffar ƙwallo birgima kawai za ta yi ta yi.

Injiniya Harisu, Ali Ɗan Sofo:
Kuma duk ranar da ya dawo masauki ya wanke sanda da muline da ruwan famfo, ba da matsi ba, yayyafi kawai, ya ware gaɓoɓin su bushe a inuwa kafin ya mayar da su bututu. Harhaɗaɗɗiyar sanda da aka bari da gishiri a mahaɗa kwana biyu takan ƙi rabuwa. Abin kafa ta a yashi ba sai ya saya ba, bututun roba mai tsawon mita ɗaya da aka yanke gindinsa a karkace ya wadatar.

Mamman Sani, Mokoyo:
Allah ya saka da alheri. Abin da na fahimta: gaurayayya, mai gaɓa uku, mita 4.20, giram 100 zuwa 200. Saura koto, Baba Alhaji, domin tanar da muke haƙa a bakin gulbi ban ga alamarta a can ba, kuma ban san nisan da ya kamata in jefa ba.

Alhaji Lawali, Sabon Gari:
Ka je tashar masunta da sassafe ka sayi jatan lande ɗanye ko ƙananan sardin, ka ɗaure koton a ƙugiya da siririn zaren roba mai miƙewa, in ba haka ba tun a iska zai rabu da ita. Batun nisa kada ya dame ka yanzu, domin a gaɓa mai gangara irin wannan akwai kwari a bayan inda igiya take karyewa, kuma nan kifi yake kiwo, har da giwan ruwan teku da suke kira kapiten da kuma tarwaɗar teku, wadda ƙayoyinta suke da dafi, sai ka riƙe ta da tsumma. Kada ka shiga ruwa ya wuce idon sawu don ka ƙara nisan jifa, ruwan can yana janye yashi daga ƙarƙashin ƙafa, ba gulbi ba ne. Idan kuma ka tarar da masunta sun yi layi suna jan babbar komarsu zuwa gaɓa, ka gaishe su ka matsa can nesa da su, ka tuna jan ruwa gabas yake yi, kuma ka bar tazara mai yawa kada ya kai zarenka cikin igiyarsu.