Abincin 'yan firamare: shawarwarin iyaye da malamai a Gombe

Tattaunawar da wasu iyaye da malamai suka yi a Gombe ta fi tsayawa kan kuɗi. Gwamnatin tarayya ta fara shirin ciyarwa a 2016 da naira 70 kan kowane ɗalibi, daga aji ɗaya zuwa uku. Daga baya aka mai da shi 100, aka kuma dakatar da shirin a Janairun 2024. Yau naira ɗari ko ƙwai ɗaya ba za ta saya ba, don haka aka ce kuɗin ya riƙa bin farashin kasuwa.

Masu girki kuwa a biya su kan lokaci, kai tsaye cikin asusunsu. Jinkiri ne ke jefa su bashi har su rage ludayi. Wake da masara a saya wurin manomanmu da kaka, a adana.

Wata malama ta ce a riƙa rabon da hantsi, tunda yara da yawa ba sa karya kumallo a gida. Ni ma nan na fi karkata.

An nemi a sa almajiran tsangaya, sai dai an tashi ba a daidaita kan wanda zai ɗauki nauyinsu ba, jiha ko tarayya.