Wane makirufo da wace manhaja suka dace da karanta littafi a gida?

Malamar Firamare, Zariya

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga harkar karanta littattafai ana naɗar murya. Wata ƙawata marubuciya ta ba ni izini a rubuce in karanta littattafanta guda biyu, domin waɗanda ba su yi karatun boko ba da kuma dattawan da ganinsu ya yi rauni su samu su saurara. Na gwada babi na farko da wayata a falo bayan yara sun yi barci, ina ganin kamar na yi abin kirki, amma da na kunna wa surukata sai ta ce muryar tamkar daga cikin rijiya take fitowa. Da na sa abin saurare a kunne na ji abin da take nufi, domin ban da amsa-kuwwar, ga shuuu ɗin fanka, ga gurnanin janaretan maƙwabta a ƙarƙashin kowace jimla.

A ƙarshen wannan wata zan kwashi adashe, kuma na ware wani abu daga ciki domin kayan aiki. Wani mai shago ya nuna mini makirufo irin na kondensa, da ƙarfen riƙe shi, da wani ɗan akwati mai fitilu kala-kala da maɓallan tafi da dariya, ya ce da shi ake yin komai yanzu. Ina da tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka wadda batirinta yake kai awa biyu. Shin in sayi wannan kayan, ko akwai wanda ya fi shi dacewa da gida irin namu? Wace manhaja ce mai koyo zai iya sarrafawa ba tare da biyan kuɗi duk wata ba? Sannan na ji ana maganar ƙa'idojin Audible, kamfanin sayar da littattafan sauraro, ban san ko sun shafe ni ba.

Tsohon Ma'aikacin Rediyo, Kaduna

Wa alaikumus salam, Malama. Surukarki ta gano matsalar kafin kowa, kuma matsalar ba a wayarki take ba, a falon take. Bangon siminti, daɓen tayil da gilashin taga duk suna mayar da sauti, saboda haka abin da makirufo yake ji shi ne muryarki haɗe da muryar da ta bugi bango ta dawo. Idan kika sayi makirufo mai tsada kika ajiye shi a wannan falon, rijiyar ce dai za ki samu, sai dai a wannan karon za a ji zurfinta sosai. Da wuya kuma a samu manhajar da za ta cire amsa-kuwwa daga murya ba tare da ta ɓata muryar ba, don haka tun a ɗaki ake maganinta.

Ki nemi ɗaki mafi ƙanƙanta kuma mafi cika da kaya masu laushi a gidan, wanda yawanci uwar ɗaka ce. Ki buɗe durowar tufafi ki zauna kina fuskantar zannuwan da ke rataye, ki jingina katifa a bayanki, ki shimfiɗa kafet ko darduma biyu a ƙasa, ki saki labule mai kauri a taga. Hanyar gwaji mai sauƙi ce: ki tafa hannu sau ɗaya, idan kika ji tafin yana da wutsiya to da sauran aiki, idan kuwa ya mutu nan take to ɗakin ya yi. Wasu suna manna kwalin ƙwai a bango, amma wahala ce kawai, domin bargo guda ya fi shi amfani. Ki sani kuma duk waɗannan abubuwa amsa-kuwwa suke ragewa, ba su hana ƙarar janareta shigowa. Maganin wannan shi ne zaɓen lokaci, wato ki lura da sa'ar da unguwarku take yin tsit, ko da tsakar dare ne ko bayan an fita aiki da hantsi.

Game da makirufo, iri biyu ne a gabanki. Na kondensa yana da kaifin ji ƙwarai, shi ya sa ake son sa a situdiyon da aka killace, amma a gida zai ɗauko miki carar zakara daga gida na uku. Na dainamik, irin wanda ake riƙewa a hannu wajen wa'azi ko taro, sai an matso kusa da shi yake ji da kyau, kuma wannan ƙarancin jin nasa shi ne alherinsa a wurinki, tunda bakinki yana kusa, janareta kuwa yana nesa. Shawarata ita ce Samson Q2U ko Audio-Technica ATR2100x. Dukansu na dainamik ne, suna shiga kwamfuta kai tsaye ta USB, suna da ramin da za ki sa abin saurare ki ji kanki yayin da kike karatu, sannan suna da mahaɗar XLR, wadda za ta ba ki damar ƙara akwatin sauti, wato na'urar da ke shigar da sautin makirufo cikin kwamfuta, irin Focusrite Scarlett Solo nan gaba ba tare da kin jefar da makirufon ba. Akwatin mai fitilu da aka nuna miki an yi shi ne domin masu hira kai tsaye a intanet; maɓallin tafi ba zai yi miki komai ba a cikin labari, kuma irinsa da dama suna da wani siririn huci da ba ya rabuwa da sauti.

Abu na ƙarshe, ki riƙa cire cajar kwamfutar kafin ki fara. Wutar lantarkinmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma idan wayoyin wutar gida ba su da kyau wannan kaɗawar tana shiga naɗi a matsayin gurnani mai kauri, balle idan wutar janareta ce. Batirin awa biyu ya ishe ki, domin da wuya murya ta jure fiye da haka a zama ɗaya.

Mai Karatun Dare, Kano

Malama, ki riƙe maganar Baba da kyau, domin ni na riga na faɗa ramin da yake hana ki faɗawa. Na sayi makirufon kondensa ba tare da na san yana buƙatar wuta ta musamman mai ƙarfin bolt 48 daga akwatin sauti ba, na kai shi gida ya ƙi cewa uffan, sai da na sake kashe kuɗi a kan akwatin. Da ya fara aiki kuma, ranar farko na naɗi babi guda cif, ina saurare sai na ji ƙarar agogon bango tana bin karatun tun daga farko har ƙarshe, agogon da na shekara goma ina kwana da shi ban taɓa jin sa ba. Duk da haka ba zan ce kondensa ba shi da wuri ba. Wanda yake da ɗakin ƙasa mai kaurin bango a unguwa mai shiru zai ji daɗinsa, musamman idan muryarsa siririya ce, domin yana fito da laushin murya yadda dainamik ba ya yi.

A ɓangaren manhaja, ki fara da Audacity. Kyauta ce, tana aiki a kan tsohuwar kwamfuta, kuma ba ta buƙatar intanet bayan an sauke ta. Adobe Audition tana da kyau amma biyan kuɗi ake yi a kai a kai, Reaper kuma tana ba da gwajin kwana 60 sannan lasisinta na mai ƙaramin aiki dala 60 ne, sai dai tana da wuyar sabo ga wanda bai taɓa tace sauti ba. Ki saita naɗin a kan layi ɗaya, wato mono, a 44.1 kHz, ki daidaita ƙarfin shigar murya yadda idan kin ɗaga murya ma'aunin zai tsaya tsakanin -12 da -6 dB (da dB ake auna ƙarfin sauti), kada ya taɓa sifili, domin muryar da ta fashe ba ta gyaruwa. Ki adana asalin aikin a matsayin WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, wanda awa guda tana cin megabait 300 da ɗoriya, ki kuma ajiye kwafi a wani wuri daban da kwamfutar.

Abin da ya fi rage mini wahala shi ne wani tsari da ke cikin Audacity mai suna Punch and Roll, wanda ake kira da maɓallan Shift da D. Idan kin yi tuntuɓen harshe, sai ki tsaya, ki danna daidai farkon jimlar da ta lalace, manhajar ta maimaita miki daƙiƙa biyar na baya kina ji, sannan ta ci gaba da naɗi daga nan. Da haka muryarki take komawa kan amon da kika baro, kuma kina gama babi kin gama rabin gyara. Kafin in san wannan, awa shida nake ɓatarwa a kan kowace awa guda ta karatu. Ki bar kuma daƙiƙa ashirin na shiru a farkon kowane zama, domin da shi manhajar take gane hayaniyar ɗakin idan za a rage ta, da shi kuma ake cike giɓi. Amma ki sassauta hannu wajen rage hayaniya, domin idan aka matsa sai murya ta koma kamar ana magana a ƙarƙashin ruwa.

Ƙa'idojin da kika ji na ACX ne, dandalin da masu karatu suke miƙa aiki ga Audible ta cikinsa. Suna son matsakaicin ƙarfin sauti ya zauna tsakanin -23 da -18 dB, ƙololuwarsa kada ta wuce -3 dB, hayaniyar ɗaki kada ta haura -60 dB, kowane babi a fayil ɗinsa, a tsarin MP3 mai 192 kbps (ma'aunin nauyin fayil a kowace daƙiƙa) ko sama. Dandalin na mazauna Amurka, Birtaniya, Kanada da Ailan ne, saboda haka ba nan za ki kai littafin ƙawarki ba, amma ina amfani da ma'aunin nasu domin yana sa babi na ɗaya da na ashirin su fito da ƙarfi iri ɗaya, mai saurare ba sai ya riƙa murɗa sauti ba. Akwai ɗan ƙarin da ake sa wa Audacity mai suna ACX Check wanda yake auna waɗannan lambobi uku a take.

Ɗalibi, Damagaram

Ina gaishe da manya. Ina so in ƙara cewa ko da kwamfutar ta mutu, aikin ba zai tsaya ba. Ni da waya nake yi, ina haɗa makirufon USB da ita ta wata ƙaramar igiyar haɗi da ake kira OTG, sai dai ya kamata a gwada a shago kafin a biya, domin ba kowace waya ce take karɓa ba. Ina sa ta a yanayin jirgin sama kafin in fara, saboda kira guda yana iya lalata rabin babi. Wani abokina yana amfani da Zoom H1n, wadda take aiki da ƙananan batura biyu da katin ajiya, kuma ta dace da wurin da wuta ba ta zama, amma kunnuwanta na kondensa ne, don haka tana kwasar hayaniya kamar yadda Yaya na Kano ya bayyana.

A tuna kuma da masu saurare. Yawancinsu ta WhatsApp ko Telegram za su karɓi karatun, kuma kuɗin data yana damunsu. Awa guda a 192 kbps tana kai megabait 86, amma a 64 kbps ba ta wuce 29, kuma ga murya zalla a lasifikar waya da wuya a ji bambanci.

Malamar Firamare, Zariya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya na ari makirufon dainamik na wani ɗan'uwa na shiga uwar ɗaka kamar yadda Baba ya ce, kuma rijiyar ta tafi. Sai dai wata matsala ta ɓullo: duk inda na furta f, ko ƙ, ko ts, sai a ji kamar an bugi makirufon, ga kuma wata 'yar ƙara ta leɓe da take fita duk lokacin da na buɗe baki. Baba, wannan daga na'urar ne ko daga ni?

Tsohon Ma'aikacin Rediyo, Kaduna

Daga iskar bakinki ne, Malama, kuma kowane mai karatu yana fama da shi. Mu Hausawa da leɓɓa biyu muke furta f, don haka iska take fita a dunƙule, ƙ da ts kuwa da ƙarfin maƙogwaro ake harbo su. Ki janye makirufon daga saitin bakinki zuwa gefen kumatu, ki karkato kansa yana kallon kusurwar baki, ki bar tazarar yatsu huɗu, yadda iskar za ta wuce ta gefensa ita kuma muryar ta shiga. Ki sa masa soson da yake zuwa da shi, ki kuma tsayar da rariyar iska a tsakaninku. Idan ba ki samu ta saye ba, ki lanƙwasa wayar ƙarfe ta zama zobe ki ɗame yankin gyale mai shara-shara a kai. Kada ki riƙe makirufon a hannu, ki ɗora shi a kan mariƙinsa bisa tawul da aka ninke, kuma ki riƙa karantawa daga allon waya domin kada a ji motsin takarda.

Ƙarar leɓe kuwa bushewar baki ce, kuma za ta ƙaru idan hunturu ya shigo. Ki sha ruwa sosai tun awa guda kafin ki zauna, ki ajiye kofi a kusa kina kurɓa tsakanin shafuka, ki shafa ɗan man kaɗanya a leɓe, ki kuma jinkirta fura da nono sai kin gama. Ki naɗi minti ɗaya daga shafin da ya fi yawan waɗannan haruffa, sau ɗaya da makirufon a gabanki, sau ɗaya a gefe, ki sa mana duka biyun a nan mu saurara kafin ki taɓa kuɗin adashen.