In injin jirgi ya mutu a sama, shikenan sai faɗuwa?

Sabon Matafiyi: Salam 'yan uwa. Wata mai zuwa in sha Allah zan tafi Umra kuma ban taɓa hawa jirgi ba, jiya a majalisa wani ke cewa wai in inji ɗaya ya mutu a sama sai dai salati, tun daren jiya abin ke min yawo a kai. Don Allah masana, ya matuƙa suke yi in haka ta faru?

Ɗan Fagge: Wslm Alhaji, kwantar da hankalinka, mutumin nan labarin teburin mai shayi ya ba ka. Jirgin fasinja mai inji biyu dama an ƙera shi ne yadda zai iya tashi ya kuma sauka da guda ɗaya. In ɗaya ya ɗauke jirgin zai riƙa karkata ɓangaren mataccen, sai matuƙi ya taka feda ya daidaita shi da jela, matuƙi na biyu ya ɗauko takardar matakan gaggawa yana karantawa, su sanar da hasumiya su nemi fili mafi kusa. Kuma ba mai kashe inji sai su biyun sun tabbatar wanne ne, don an taɓa shan wuya a nan. A 1989 a Kegworth ta Ingila injin hagu ne ya lalace suka kashe na dama mai lafiya, fasinjoji na ganin wuta a hagu ta taga amma suka yi shiru suna zaton ai kyaftin ya fi su sani, mutum 47 suka rasu.

Maman Biyu: To in duka biyun suka mutu fa? ni nan ne tsorona wallahi

Ɗan Fagge: Hajiya ko a haka ba ya rikitowa kamar dutse, fiffike na nan, lulawa zai riƙa yi yana sauka a hankali kamar shirwa. Janairun 2009 wani Airbus A320 ya tashi daga New York ya yi karo da garken dinya, injina biyu suka tafi, kyaftin Sullenberger ya ga ba zai kai fili ba ya kwantar da shi a kogin Hudson. Mutum 155, ba wanda ya mutu.

Baba Tsoho: Yaro ka faɗi mai daɗin, ka bar ɗayan. Jirgin Dana na Yunin 2012, Abuja zuwa Legas, injin farko ya fara ba da matsala tun ba su yi nisa ba amma aka ci gaba da tafiya maimakon a nemi inda za a sauka, gab da Legas na biyun ma ya ɗauke. Ya faɗa unguwar Iju-Ishaga, duk mutum 153 da ke ciki suka rasu, har da wasu a ƙasa. Allah ya jiƙansu.

Sabon Matafiyi: Amin Baba. Na gode ƙwarai, amma ni dai kujerar taga zan nema, in na hango hayaƙi wallahi sai duk jirgin ya ji muryata.